Jefi-jefi Ko A Kai A Kai? Lacca Kan Kalmomin Turanci na Abin da Ke Zuwa Yana Ɗaukewa

 

Abin da aka ɗora mini yau shi ne in yi magana kan wasu kalmomin Turanci da ake siffanta abin da ba ya tafiya a miƙe da su, wato abin da kan zo ya ɗauke, ya kuma dawo. Duk wanda ya buɗe ƙamus ya nemi “intermittent” zai tarar an jero masa danginta a ƙasa: “sporadic”, “occasional”, “periodic”, “recurrent”, “fitful”, “spasmodic”, “episodic”. Ɗalibi na ganinsu a jere sai ya ɗauka duk kanwar ja ce, ya tsinci wadda ta fi daɗin faɗi ya jefa a rubutunsa. To, a nan gizo ke saƙar. Kowace daga cikinsu shaida take bayarwa a kan tazarar da ke tsakanin zuwan abu da dawowarsa. Wata na cewa tazarar tana da ƙa'ida, har ana iya lissafa ranar dawowa. Wata na cewa ba ta da ƙa'ida ko kaɗan. Wata ma ta zarce haka, tana cewa abubuwan da suka faru ba su da alaƙa da juna. Wanda ya zaɓi ɗaya ya bar sauran ya riga ya yi da'awar cewa ya san wani abu, ko da kuwa bai bincika ba.

Mu fara da asibiti, don likitoci sun fi kowa kiyaye haƙƙin waɗannan kalmomi. “Intermittent” daga Latin ta samo asali, daga guntaye biyu, ɗaya na nufin tsakani, ɗaya na nufin saki. A saki abu a tsakiya ke nan, sannan a koma a kama. Idan likita ya rubuta cewa zazzaɓin majiyyaci “intermittent” ne, yana nufin zafin jikin kan hau, sannan ya sauka har ya yi daidai da na mai lafiya, kafin ya sake hawa. Idan yana sauka amma bai taɓa komawa daidai ba, sunansa “remittent”. Idan kuwa ya hau ya yi zamansa, bambancin safe da yamma bai wuce digiri ɗaya ba, shi ne “continuous”, irin wanda littattafan likitanci ke dangantawa da taifot. Kafin a sami na'urar duba jini, sanin wannan bambanci na cikin manyan jarin likita.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne sarkin masu zuwa su ɗauke, kuma Turawan da suka ba shi sunaye gwargwadon tazararsa. Akwai wanda kan kama mutum yau, ya sake shi gobe, jibi ya dawo. Shi suka kira “tertian”, wato na uku, saboda a lissafin Rumawa ana haɗawa da ranar farko. Akwai wanda in ya kama yau, sai gata. Shi ne “quartan”, na huɗu. Ƙarnuka suka shuɗe ana ganin wannan tsari ba a san mafarinsa ba. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin wani majiyyaci a garin Kusantina ta Aljeriya. Tsakanin 1885 da 1886 kuma Camillo Golgi na Italiya ya nuna cewa ƙwayoyin na hayayyafa a cikin jajayen ƙwayoyin jini, su fasa su kusan a lokaci guda, kuma daidai lokacin fashewar ne masassara ke tashi. Wani nau'in yana kammala zagayensa cikin awa 48, wani cikin awa 72. Ashe kwanakin da majiyyaci ke samun sauƙi, a lokacin ne ƙwayar ke shirin zagaye na gaba. Amma ku yi hattara, kada wani ya fita daga zauren nan ya je yana ƙirga kwanaki a kan ɗansa. Nau'in da ya fi addabar ƙasashenmu, falsifarum, sau da yawa ba ya bin wannan jadawali tsaf, kuma shi ne mai kisa. A je a yi gwaji.

Kalma ta biyu ita ce wadda na fi so mu daɗe a kanta, domin ita aka fi zalunta. “Sporadic” daga Girkanci take, daga tushen da ke nufin watsa iri. Akwai wasu tsibirai a tekun Girka da ake kira Sporades saboda a warwatse suke, ɗaya nan ɗaya can, saɓanin tsibiran Cyclades da aka ce sun yi da'ira sun kewaye tsibirin Delos. Ta ƙofar likitanci kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 17, kuma har gobe masu nazarin yaɗuwar cututtuka na riƙe da ita a matsayin matakin ƙasa. Cutar da ke ɓulla ɗaiɗai, mutum ɗaya a wannan gari, wani a wancan bayan wata uku, ba tare da an ga igiyar da ta haɗa su ba, ita ce “sporadic”. Wadda ta zama 'yar gida a yanki, kullum tana nan, ita ce “endemic”. Wadda ta ɓarke ta wuce yadda aka saba gani, “epidemic”, annoba ke nan.

Ku lura da nauyin da ke cikin wannan kalma. Jami'in lafiyar da ya rubuta “sporadic” a rahotonsa yana gaya wa na sama da shi cewa babu tushe ɗaya da za a bi, a kwantar da hankali. Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Wani lokaci kuma bai duba ba ne. Akwai wani nau'in ciwon huhu da likitocin Amurka suka saba gani jefi-jefi, kusan sai a jikin wanda wata babbar cuta ko wani magani ya karya masa garkuwar jiki. Tsakanin ƙarshen 1980 da tsakiyar 1981 sai ga shi a jikin samari biyar a birnin Los Anjalis, waɗanda a da lafiyarsu ƙalau. Da likitocin sun ajiye kowane majiyyaci a aljihunsa daban, da an ɗauki lokaci kafin a farga. Sai suka haɗa su wuri guda suka rubuta, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga a mujallarta ta mako-mako ranar 5 ga Yuni, 1981. Wannan ɗan rahoto shi ake ɗauka a matsayin sanarwar farko ta cutar da daga baya muka sani da ƙanjamau. Aikin da suka yi bai wuce ƙin yarda da cewa abin a warwatse yake ba.

Yanzu ku buɗe jaridun Turanci na Nijeriya a ranar da aka kai hari wani ƙauye. Da wuya ku rasa inda aka rubuta cewa maharan sun yi harbi “sporadically”. Ku tambayi wanda ya tsira, zai ce muku sun yi ta ɓarin wuta ba ƙaƙƙautawa, kan mai uwa da wabi. Abin da ɗan jaridar ke nufi ke nan shi ma. Amma mai karatu a Landan ko Nairobi abin da zai fahimta shi ne an yi harbi ɗaya, aka yi shiru mai tsawo, can aka sake jin wani. Kalmar da aka ɗauko don a nuna tsananin abu ta koma tana rage masa kaifi. Ni ba na cikin masu cewa duk abin da ya saɓa wa Turancin Ingila kuskure ne. Turancin Nijeriya ya tsaya da ƙafarsa, yana da nasa ƙa'idoji. To amma mai fassara a gidan rediyo ba shi da wannan uzuri. In ya ga kalmar a rahoton wakilinsu na gida, ya tambaya a gaya masa abin da ya faru, kafin ya ce “jefi-jefi” a kan harin da aka kwashe awa biyu ana yi.

Akwai 'yan'uwanta a jaridunmu. “Incessant” a asalinta abin da ba ya tsayawa ne sam, amma mu muna liƙa ta ga yajin aikin da ake yi ana janyewa ana komawa, wanda “recurrent” ta fi dacewa da shi. “Severally” a Turancin lauyoyi na nufin kowa da nasa daban, mu kuma mun mai da ita sau da yawa. Sai kuma wadda ni dai ba na ƙaunar jin ta: siffanta wutar lantarki da “epileptic”. Na san dalili. Ana so a nuna an kawo, an ɗauke, ba sanarwa ba ƙa'ida. Amma farfaɗiya larura ce da bayin Allah ke ɗauke da ita, a kan tsangwamar da suke sha tun daga makaranta har wurin neman aure, ga shi kuma mun mai da sunan ciwonsu abin zagin kamfanin wuta. “Erratic” na nan, tana yin aikin ba tare da ta taka kowa ba.

“Periodic” ita ce kishiyar “sporadic”. Ma'anarta ta asali a Girkanci kewayo ne, hanyar da ta zaga ta dawo inda ta faro. Abin da ake kira da ita yana da lokacin da aka san zai dawo. A 1705 Edmond Halley ya lissafa cewa tauraruwa mai wutsiya da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce, kuma za ta dawo wajen 1758. Bai rayu ya gani ba, amma ta dawo. An gan ta a 1986, ana kuma sa ran ta a 2061. Mu a nan ba sai mun ɗaga kai sama ba. Kasuwar Wudil Juma'a take ci, ta Maigatari Alhamis, kuma masana labarin ƙasa da wannan kalma suke kiran irin waɗannan kasuwanni. Falke ba ya tambayar ko kasuwa za ta ci, ya san ranarta. Sai dai a bakin Bature na yau da kullum “periodically” ta yi laushi, takan zo da ma'anar lokaci-lokaci kawai. Saboda haka idan takardar yarjejeniya ta ce za a riƙa duba injin “periodically” ba ta faɗi duk wata nawa ba, ku sani ba a ɗaure kowa da komai ba.

Kada ku ɗauka wannan duk musun malaman nahawu ne. Kotun Ƙolin Amurka ta zauna a kansa. Kafin mu zo kan shari'ar, ku sani masana ruwa sun kasa koguna gida uku. Wanda ke gudana shekara zagaye shi ne “perennial”. Wanda ke gudana wani yanki na shekara, lokacin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, ya kuma ƙafe da rani, shi ne “intermittent”. Wanda ba ya gudana sai an yi ruwan sama, ya yi 'yan awoyi ko kwanaki ya bushe, shi ne “ephemeral”, daga kalmar Girkanci mai nufin na yini guda. Dokar tsaftar ruwa ta Amurka ta 1972 ta ba gwamnatin tarayya ikon kare ruwayen ƙasar, amma ba ta fayyace ko ƙoramar da ke ƙafewa na ciki ba. A shari'ar Rapanos ta 2006, wadda ta taso daga wani mai filaye a jihar Mishigan da ya cike fadamu da ƙasa, alƙalai tara suka rabu gida uku: huɗu, ɗaya, huɗu. Mai shari'a Antonin Scalia, da ya rubuta ra'ayin ɓangare ɗaya na huɗun, ya jingina da ƙamus na Webster ya ce dokar ruwa mai ɗorewa take nufi, ban da magudanar da ruwa ke bi jefi-jefi. Amma da ya zo kan kogin da ke cika da damina ya ƙafe da rani sai ya sassauta, ya ce bai kore shi kai tsaye ba. A 2023, a shari'ar Sackett, rinjayen kotun ya karkata ga ma'aunin nasa.

Ku auna abin da wannan ma'auni zai yi da a ƙasarmu ne. Gulbin Maraɗi, da ya taso daga ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya sake dawowa Nijeriya wajen Rima, da damina yake gudu, da rani yashi ne, mutane na tona shi suna ɗibar ruwa, ana noman rani a gefensa. Wa zai kalli mutanen da ke rayuwa a bakinsa ya ce musu wannan ba kogi ba ne? Kuma ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da rabin tsawon kogunan duniya kan daina gudana aƙalla kwana ɗaya a shekara. Turanci ya girma ne a tsibirin da ruwa ba ya yanke masa, shi ya sa kalmar kogi a cikinsa take zuwa da zaton ɗorewa, sai an ƙara mata siffa kafin a nuna akasin haka.

Masu duba yanayi ma ba su bar abin ga son ran mai magana ba. A jadawalin lambobin da tashoshin duniya ke aika rahoto da shi, 60 na nufin ruwa mara ƙarfi mai yi yana ɗaukewa, 61 mara ƙarfi mai zuba a miƙe, haka har zuwa 64 da 65 na ruwa mai ƙarfi. A nan ne ya kamata in ambaci tagwayen da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa. “Continuous” abin da bai yanke ba ne ko sau ɗaya. “Continual” kuwa, duk da kamar da suka yi, abin da ke maimaituwa ne a kai a kai, da 'yar tazara a tsakani. Ƙarar janareta da aka bari a kunne ta farko ce. Maƙwabcin da ke ƙwanƙwasa maka ƙofa neman aro safe da yamma ta biyu ce.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. “Occasional” ita ce mai sauƙin kai, abin da kan faru nadiran kuma bai dami kowa ba. “Fitful” na tafiya da barci da iska da hasken fitila mai shirin mutuwa, tana ɗauke da rashin natsuwa, kuma tana cikin wasan Macbeth na Shakespeare. “Spasmodic” daga fizgar jijiya take, ana siffanta ƙoƙarin da aka yi da ƙarfi farat ɗaya aka watsar da ita, irin kamen masu talla a bakin titi da ake yi kwana uku a manta. “Episodic” ta fito daga wasan kwaikwayon Girkawa, inda take nufin ɓangaren da ke tsakanin waƙoƙin 'yan amshi, don haka kowane zuwa yana da farkonsa da ƙarshensa, kamar ciwon ɓarin kai. Bature a hira kuma ba ya cika ɗauko waɗannan manya ba. “On and off” zai ce, ko “now and then”, ko “every so often”. Ɗalibanmu sun fi sanin manyan fiye da ƙananan, shi ya sa hirarsu kan yi kama da takardar ofis.

Injiniyoyi sun ba “intermittent” wata rayuwa ta daban, inda tazarar ce abin sayarwa. Robert Kearns, wani malamin injiniya a Ditiroyit, shi ya ƙera abin share gilashin mota da kan share sau ɗaya ya dakata 'yan daƙiƙoƙi, don yayyafin da bai kai a yi ta sharewa ba. Ya kai kamfanin Ford ƙara a 1978 a kan amfani da fasaharsa, aka yi ta ja har 1990, inda aka biya shi sama da dala miliyan 10.

To, mu da ke juya waɗannan kalmomi zuwa Hausa fa? Ƙorafina ɗaya ne. Kusan kowace daga cikinsu in ta shigo ɗakin labarai, da riga guda take fita: “daga lokaci zuwa lokaci”. Wannan ma ba ɗinkinmu ba ne, Turanci ne aka kwance aka mayar da zaren Hausa. Alhali muna da jefi-jefi, muna da ɗaiɗai, muna da a kai a kai, da sa'i-sa'i, da bi da bi, da nan da can. Muna da abin da Turanci ke buƙatar ƙarin kalma kafin ya faɗa, mu kuwa a jikin aikatau yake: “yakan zo” ba “yana zuwa” ba ne, kuma ba “ya yi ta zuwa” ba ne. Muna ninka kalma mu fitar da ƙa'idar tazara, mu ce mako-mako, wata-wata, kwana bibbiyu. Wanda ya iya raba waɗannan a harshen uwarsa ba zai sha wuyar raba na Turanci ba. Wanda ya murƙushe su duka a jimla ɗaya kuwa ya zubar da labarin da mai sauraro ya fi buƙata, wato yaushe abin zai dawo.

Akwai ma inda Turancin kansa ya ruɗe, Hausa ta fi shi fayyacewa. “Biweekly” na iya nufin sau biyu a mako, tana kuma iya nufin sau ɗaya duk mako biyu, ƙamusoshi sun yarda da duka biyun. “Biannual” sau biyu ne a shekara, “biennial” sau ɗaya duk shekara biyu, harafi kaɗan ya raba su. In kun ci karo da “biweekly” a takardar albashi ko ta magani, kada ku yi ƙirdado, ku koma wurin wanda ya rubuta.

Na ce magani da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsarin kare masu juna biyu daga zazzaɓin cizon sauro, kuma kalmar “intermittent” na cikin sunansa na Turanci. Wanda ya bi ƙamus zai iya fassara shi da maganin da ake sha jefi-jefi, mace ta ɗauka duk ranar da ta tuna ne. Tsarin kuwa a ƙayyade yake: ana farawa bayan ciki ya wuce wata uku, ana bayarwa a ranakun awo, tsakanin sha da sha aƙalla wata guda, kuma ana so a sha aƙalla sau uku kafin haihuwa. Haka rigakafin da hukumar ta ba da shawararsa tun 2012 ga ƙananan yara a yankin Sahel, wanda ma'aikata ke bi gida-gida da shi a jihohinmu na Arewa da Nijar, wata-wata ake ba da shi a tsawon damina, in an tsallake zagaye ɗaya kariyar ta yi rauni. Wanda aka ba fassarar takardar wayar da kai a kan waɗannan ya ajiye kalmar Turancin gefe, ya rubuta wa uwar yara watan da za a fara, da ranar da za ta koma, da adadin zuwan.